Yawan ɓaraka ne ke nuna babbar manhajar da ta fi rauni?

Tambaya: Malam, na ga lissafin da ya nuna cewa a 2024 an samu ɓarakar tsaro a Linux fiye da Windows, alhali kullum ana ce mana Linux ta fi tsaro. Wanne za mu kama? Sannan su masu binciken nan, yaya suke gano ɓaraka har su mayar da ita hanyar kutse? Ina sha'awar fannin, amma ina tsoron faɗawa hannun hukuma.

Amsa: Lissafin da ka gani ba ƙarya ba ne, sai dai abin da yake aunawa daban ne da abin da kake zato. Lambar da ake ba kowace ɓaraka, wadda ake kira CVE, cibiyar MITRE ta Amurka ce ta fara ba da ita a 1999, don mutane su daina kiran matsala ɗaya da sunaye barkatai. Rajista ce kawai. A watan Fabrairun 2024 masu kula da kanel ɗin Linux, wato zuciyar babbar manhajar, suka samu izinin ba da lambar da kansu. Matsayin da suka ɗauka shi ne, kusan duk kuskuren da aka gyara a kanel yana iya zama matsalar tsaro ga wani a wani wuri, don haka a ba shi lamba. Nan da nan lambobi suka yi ambaliya, dubbai cikin shekara guda. Kanel ɗin yana nan yadda yake, magatakarda ne aka canza. Shi kuwa kamfanin Microsoft, rubutun manhajarsa a rufe yake, ba kowane gyara ne mutanen waje ke gani ba. Wanda ya ɗora waɗannan lambobi biyu a sikeli ɗaya ya yaudari kansa.

Ana cewa sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. Haka ne, amma a wannan fanni ba kowace tsaga ce ƙadangare ke iya bi ba. Akwai kuskuren da iyakar ɓarnarsa ya sa manhaja ta tsaya cak ta rufe kanta. Akwai wanda sai maharin ya riga ya shiga kwamfutar da kalmar sirri kafin ya amfane shi. Akwai kuma wanda saƙo ɗaya ta intanet ya isa, ba tare da mai kwamfutar ya taɓa komai ba. Kowannensu lamba ɗaya yake samu a rajista. Mu masu wannan aiki abin da muke tambaya shi ne: daga wannan kuskure zuwa mallake kwamfutar mataki nawa ne, wata nawa gwani zai ɓata a kai, kuma in ya gwada sau goma sau nawa zai dace? Tsadar wannan hanya ita muke kira tsaro, kuma da ita zan amsa duka tambayoyinka.

Bari in fara da inda yawancin ɓarakar ke fitowa. Windows da macOS da Linux, mafi yawan jikinsu da yaren C da C++ aka rubuta. Yaruka ne masu sauri, amma sun bar wa marubuci alhakin lura da ma'adanar kwamfuta da kansa. In ya ware gurbi mai cin harafi 64 don sunan mutum, sai aka turo masa 200, yaren ba zai ce masa uffan ba. Ragowar haruffan za su malala su danne abin da ke maƙwabtaka da gurbin. Abin da ke maƙwabtakar kuwa, sau da yawa, shi ne adireshin inda injin zai koma ya ci gaba da aiki in ya gama abin da ke gabansa. Duk wanda ya iya rubuta wannan adireshi da hannunsa, linzamin manhajar ya koma wurinsa. Irin wannan kuskure a wata manhaja mai suna fingerd yana cikin hanyoyin da tsutsar Robert Morris, wato muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ta bi ta bazu a kwamfutocin Unix a Nuwamban 1988. A 1996 wani mai laƙabin Aleph One ya zayyana dabarar dalla-dalla a mujallar Phrack, daga nan ta zama karatun farko na kowane ɗan koyo.

Ƙanensa da ya fi tashe a yau shi ne amfani da gurbi bayan an sake shi. Manhaja ta gama da wani gurbi ta mayar, amma ta ci gaba da riƙe adireshinsa. Maharin sai ya yi dabara har a ba shi wannan gurbin, ya cika shi da nasa bayanan, manhajar ta dawo ta karanta tana zaton kayanta ne. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar da yake ba lamba kowace shekara daga kurakuran ma'adana suke. Shekara ɗaya bayan haka masu burauzar Chrome suka duba manyan kurakuransu, suka samu kusan wannan adadi.

Kamfanonin sun gane da wuri cewa share kurakurai duka ba mai yiwuwa ba ne, sai suka koma tsawaita hanyar. Wannan tarihin shi ne ainihin karatun fannin, don haka zan ɗan tsaya a kansa. A 1998 aka fito da StackGuard: a ajiye wata lamba gab da adireshin komawa, in manhaja ta tarar an taɓa lambar sai ta kashe kanta kafin a tuƙa ta. A 2004, da babban gyara na biyu na Windows XP, aka kawo DEP, wato wurin da aka ware don ajiye bayanai ba a zartar da umarni daga cikinsa. Ma'ana ko maharin ya shigo da nasa umarnin, injin ba zai bi ba. Amsar maharan ita ce: to, tunda an hana mu shigowa da namu, za mu yi aiki da na gida. Tun 1997 Solar Designer ya nuna ana iya karkatar da manhaja zuwa umarnin da ke jikinta, a 2007 kuma Hovav Shacham ya nuna ana iya tsinto guntayen umarni daga sassa daban-daban na manhajar, a jera su ɗaya bayan ɗaya har su yi duk aikin da ake so.

Wannan dabara tana buƙatar ka san inda guntayen suke. Shi ya sa ASLR ta zama babbar katanga: duk lokacin da manhaja ta tashi, a zuba sassanta a wurare daban da na jiya. Aikin PaX ne ya fara ta a Linux a 2001, ta shiga kanel na kowa a 2005, Windows ta same ta a Vista, Apple kuma ya fara ta a Leopard a 2007 ya cike ta a Lion a 2011. Ka lura da abin da ya faru a nan. ASLR ba ta gyara kuskure ko ɗaya ba. Ta dai tilasta wa maharin neman ɓaraka ta biyu, wadda za ta tsegunta masa adireshi, kafin ta farkon ta yi masa amfani. Aiki ya ninka. Bayan haka aka ci gaba da ƙari. Windows ta kawo Control Flow Guard mai duba ko inda manhaja za ta tsallaka halastaccen wuri ne. Intel ya sa CET a injinansa daga 2020, mai ajiye kwafi na biyu na adireshin komawa a inda manhaja ba ta iya taɓawa. Injinan Apple na M1 da waɗanda suka biyo baya suna iya sa wa adireshi hatimi, ta yadda na jabu zai tonu. Babu ɗaya daga cikinsu da ba a taɓa kewaye shi ba, amma kowanne ya ci makonni ko watannin wani.

Sai kuma killacewa. Burauzar zamani ba ta barin sashen da ke karanta shafin intanet ya yi yawo a kwamfuta. A keji yake, ba ya iya buɗe fayil ɗinka, ba ya iya kunna wata manhaja. Saboda haka cikakken hari ta burauza a yau sarƙa ce: ɓaraka ɗaya ta kama sashen da ke cikin kejin, wata ta fitar da shi, sau da yawa kuma ta uku ta kai shi kanel inda babu mai tsare shi. A gasar masu kutse ta Pwn2Own ta farko, a Bankuba ta ƙasar Kanada a 2007, kuskure ɗaya a manhajar bidiyo ta QuickTime ya ishi Dino Dai Zovi ya kutsa cikin kwamfutar MacBook, aka ba shi dala 10,000. Masu shiga gasar a yanzu ƙungiya-ƙungiya suke zuwa da sarƙar da suka daɗe suna ƙerawa. A ganina wannan bambanci ya fi kowane jadawalin CVE faɗin gaskiya game da yadda tsaro ya canza.

Mahaɗin ƙarshe na sarƙar, hawa daga ƙaramin matsayi zuwa kanel, a nan babbar manhaja take nuna halinta. Windows tana ɗauke da wani tsohon nauyi: a 1996, don neman sauri, aka mayar da sashen zane da tagogi cikin kanel na NT 4.0. Wannan sashe, win32k, ya shafe shekaru yana ciyar da masu bincike, har masu Chrome suka toshe hanyar da kejinsu ke magana da shi baki ɗaya. Akwai kuma manhajojin direba na wasu kamfanoni, wato masu haɗa babbar manhaja da na'urori irin su firinta, masu sa hannu na halal amma masu rauni, waɗanda mahari kan zo da su da kansa ya ɗora ya bi ta cikinsu.

Kada dai ka ɗauka komai kuskuren ma'adana ne. Akwai kuskuren tunani, wanda duk katangun da na lissafa ba su san da zamansa ba, domin manhajar tana yin abin da aka rubuta mata ne daidai, rubutun ne ya kauce. A Nuwamban 2017 aka gano cewa a macOS High Sierra mutum na iya rubuta root a matsayin suna, ya bar kalmar sirri fayau, ya danna sau biyu ko fiye, ya zama mai cikakken iko. A 2021 matsalar PrintNightmare ta nuna sashen firinta na Windows yana karɓar manhajar direba daga wanda bai cancanta ba, ya ɗora ta da ikon koli. Irin waɗannan sun fi daɗi ga mahari, don ba sa faɗuwa rabin hanya, kuma na lura ƙwararru da yawa sun karkata gare su tun da hanyar ma'adana ta yi tsada.

Game da maganar cewa Linux a buɗe take, idanu da yawa na kallonta: idanun suna nan, amma ba ko'ina suke kallo ba. Ɓarakar da ake kira Dirty COW, da aka gyara a 2016, ta zauna a kanel tun 2007. Kuskuren sudo, manhajar da ke ba mutum ikon koli na ɗan lokaci, da kamfanin Qualys ya bayyana a Janairun 2021 ya shiga tun 2011. Na takwararta pkexec, wanda suka fitar a Janairun 2022, yana nan tun 2009. Amma dole a yi adalci. A Maris ɗin 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga ta ssh, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa, a kwamfutarsa ta gwaji ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi har ya tono ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar shiga, da wani mai amfani da sunan Jia Tan ya dasa a manhajar xz, bayan ya shafe kusan shekara biyu yana neman amincewar mai kula da ita. Buɗewar ce ta ba mugun damar shiga, ita ce kuma ta ba Freund damar bin sawunsa kafin abin ya kai ga yawancin jama'a.

Yadda ake gano ɓaraka ba sihiri ba ne, haƙuri ne da naci. Hanya ta farko karatu: ka zauna da rubutun manhaja, ko in a rufe take ka warware ta da manhajoji irin su Ghidra ko IDA, kana neman inda marubucin ya yarda da abin da bai kamata ya yarda da shi ba, kamar tsawon da fayil ya faɗa game da kansa. Hanya ta biyu ita ce jefa wa manhaja shirme. Asalinta a Jami'ar Wisconsin ne a 1988, lokacin da Farfesa Barton Miller ya lura hayaniyar layin waya a daren hadari tana cusa haruffan banza cikin umarninsa, manhajoji suna faɗuwa. Ya ba ɗalibansa aikin yin haka da gangan, suka kayar da tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙananan manhajojin Unix da suka gwada. Na zamani sun fi wayo. AFL, da Michał Zalewski ya fitar a 2013, tana lura da shigarwar da ta kai manhaja wani lungu da ba a taɓa shiga ba, ta riƙe ta, ta ci gaba da jujjuya ta. Syzkaller tana yi wa kanel ɗin Linux haka dare da rana. Sai dai faɗuwar manhaja somin-taɓi ce. Daga faɗuwa dubu, watakila asalin kuskuren biyar ne, kuma a cikin biyar ɗin ɗaya ne za a iya tuƙawa. Tantance wannan shi ne inda gwani ke rabuwa da mai danna maɓalli.

Hanya ta uku ita ta fi shafar kowa, ko da ba mai bincike ba. Tun Oktoban 2003 Microsoft yake fitar da faci, wato gyaran da ke toshe ɓaraka, a Talata ta biyu ta kowane wata. Da zarar faci ya fito, masu bincike na kirki da na banza sukan ɗauki fayil na da da na yanzu su gwama. Inda aka canza, nan ciwon yake. Wato facin da kansa taswira ce zuwa ga ɓarakar, ga duk kwamfutar da ba ta karɓe shi ba tukuna. Haka kuma ake samun 'yan'uwan kuskure: masu Project Zero na Google sun duba hare-haren da aka kama a 2020 da ɓarakar da ba ta da faci, suka tarar kashi ɗaya cikin huɗu dangin kurakuran da aka riga aka bayyana ne, waɗanda ba a yi wa gyara har saiwa ba.

Manyan annobar da aka yi, yawancinsu ta wannan giɓi suka bi. Facin da zai hana tsutsar Blaster ya fito a Yulin 2003, tsutsar ta zo a Agusta. Facin da zai hana makamin kutse na EternalBlue ya fito ranar 14 ga Maris 2017. Wata ɗaya bayan haka ƙungiyar Shadow Brokers ta watsa makamin, wanda aka danganta da hukumar NSA ta Amurka. Ranar 12 ga Mayu tsutsar WannaCry ta yi amfani da makamin ta rufe kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila, sannan a ƙarshen Yuni NotPetya ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Duk wannan da ɓarakar da maganinta ke ajiye. Sabuwar ɓaraka mai tsada irin huɗun da tsutsar Stuxnet ta ƙona a 2010, ba a kashe ta a kan kowa, ana adana ta ne don babban abin farauta.

To wacce ta fi? Ga ra'ayina, kuma akwai abokan aiki da za su yi mini gardama. Windows ce aka fi hari domin ita ce a kan mafi yawan kwamfutocin tebur, kuma tana jan kayan gado don kada tsofaffin manhajoji su daina aiki. Amma tun wasiƙar Bill Gates ta Janairun 2002 kan amintaccen aiki da kwamfuta, ba ƙaramar dukiya aka zuba a katangunta ba. Ita macOS tana cin gajiyar cewa kamfani ɗaya ne ke ƙera inji da manhaja. Tun El Capitan a 2015 ko mai ikon root ba ya iya taɓa fayilolin tsarin, daga Big Sur a 2020 kuma an rufe sashen tsarin da hatimi. Linux ta tebur, yadda yawancin mutane ke girka ta, ba ta kai yadda masoyanta ke kururutawa ba. Manhajar da ka kunna tana iya karanta duk abin da ke babban fayil ɗinka, a tsohon tsarin tagogi na X11 kuma kowace manhaja na iya leƙen abin da kake bugawa a wata, abin da Wayland ta zo gyarawa. Abin da ke taimakonta shi ne ana ɗauko manhaja daga rumbu amintacce, faci na fitowa da sauri, masu farautarta a tebur kuma ba su da yawa. Bambancin da ke tsakanin ukun bai kai wanda ke tsakanin kwamfutar da ke karɓar faci da wadda aka daina yi wa ba. Windows 7 ta fita daga kulawa a Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta na gama-gari ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025. Canjin da nake ganin zai taɓa tushen matsalar shi ne yaren Rust, mai hana yawancin kurakuran ma'adana tun wajen rubutu. Ya shiga kanel ɗin Linux a fitowa ta 6.1 a ƙarshen 2022, Microsoft ma ya fara sake rubuta wasu sassan kanel da shi, amma miliyoyin layukan C ba za su gushe a shekara goma ba.

Tsoron hukuma da ka ambata yana da tushe, iyakar kuwa a fili take: izini. Dokokin ƙasashe da yawa, irin ta Amurka ta 1986 da ta Birtaniya ta 1990, shiga kwamfutar wani ba da izininsa ba suke hukuntawa, kuma kyakkyawar niyya ba ta cika wanke mutum ba. Shi kansa Morris, ɗalibin jami'a ne a lokacin, da dokar 1986 aka same shi da laifi. Sa'ar wannan reshe na fannin ita ce ba ka buƙatar kwamfutar kowa. Ka girka babbar manhaja a cikin kwamfutar kwaikwayo irin ta VirtualBox a kan naka injin, ka yanke ta daga intanet, ka farfasa ta yadda ka ga dama. Ka koyi C har ka san inda kowane abu yake zama a ma'adana, ka koyi karanta umarnin inji na x86-64, ka saba da GDB da WinDbg, manhajojin bin sawun manhaja tana cikin aiki. Daga nan ka ɗauki tsohuwar ɓaraka da aka riga aka gyara kuma aka yi bayaninta, ka rufe bayanin, ka nemo ta da kanka daga facin. Wanda ya yi haka ga ɓaraka kaɗan ya fi wanda ya haddace sunayen ɗari.

Ranar da ka samu taka, ka kai wa mai manhajar. Microsoft da Apple da Google duk suna da ƙofar karɓar rahoto kuma suna biyan lada. Al'adar da Project Zero ta yaɗa tun kafuwarta a 2014 ita ce a ba kamfani kwana 90 ya gyara kafin a bayyana, ZDI kuma, wani shiri mai sayen rahoton ɓaraka ya miƙa wa kamfanoni, kwana 120 take bayarwa. Akwai dillalai da ke biyan fiye da haka su sayar wa gwamnatoci. Ni ba na ba ɗalibi shawarar bin wannan hanya, don ba ka da ta cewa kan wanda za a harba da abin da ka ƙera. Rahotonka ya ƙunshi fitowar manhajar da ka gwada, matakan da za su maimaita matsalar, da iyakar da ɓarakar ta ƙetare. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Microsoft ya wallafa jerin abin da yake ɗauka iyakar tsaro da abin da ba ya ɗauka, kuma a wurinsa kewaye tambayar UAC, wato neman izinin da Windows kan yi kafin a yi babban canji, ko hawa daga matsayin mai gudanarwa zuwa kanel, ba sa cikin iyakokin da ya yi alkawarin fitar wa faci na tsaro. Ka karanta wannan jeri kafin ka zaɓi inda za ka zuba watanninka.